Sanfulawar daji a cikin gonar sanfulawa: me ya sa take rinjaye, kuma me ya hana magani raba su?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. A darasin ciyayi an gaya mana cewa a Faransa da Sifaniya da Ajantina akwai sanfulawar daji da ke shiga gonakin sanfulawar da ake nomawa don mai, har ta jawo wa manomi asarar rabin amfaninsa. Abin ya ɗaure mini kai. Tunda jinsinsu ɗaya, ta yaya ta daji ke fin ƙarfin ta gida? Daga ina take zuwa, kuma me ya hana a fesa mata magani kowa ya huta?

Amsa: Ɗan'uwa, ai ka riga ka faɗi tushen matsalar da bakinka, wato jinsinsu ɗaya. Masana suna kiran su duka biyun Helianthus annuus. Kowace ciyawa da ka sani akwai inda ta saɓa da shukar da take damu: ko saiwarta ba ta kai zurfin ta shukar ba, ko lokacin tsirowarta daban, ko ganyenta siriri ne na shukar kuma mai faɗi, har a samu maganin da zai kashe ɗaya ya bar ɗaya. Manomi da mai haɗa magani duk ta wannan ƙofar suke shiga. Ita wannan kuwa ba ta bar ƙofa ba. Zafin ƙasar da ke tayar da irin da ka shuka shi ke tayar da nata, zurfin da saiwarka ke neman ruwa nan tata ke nema, takin da ka zuba daidai da bukatarta yake, kuma ƙudan zuman da ke yi wa gonarka barbara shi ke yi mata.

Asalin sanfulawa Amurka ta Arewa ne. Mutanen asali na gabashin nahiyar ne suka mayar da ita shukar gida fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, 'yan Sifaniya suka kai ta Turai a ƙarni na 16, Rasha kuma ta mayar da ita shukar mai. A birnin Krasnodar na Rasha ne masanin kiwon iri Vasili Pustovoit ya shafe shekaru yana zaɓen iri har man da ke cikin tsabar ya tashi daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa wajen kashi 50. Duba abin da duk wannan zaɓe ya haifar: kara ɗaya miƙaƙƙe ba reshe, kai ɗaya babba, tsaba manya da ba sa zubewa ko sun bushe, iri mai tsirowa gaba ɗaya da zarar ya ji danshi, da tsayi madaidaici don injin girbi. Duk waɗannan alheri ne ga manomi, amma a fagen kokawa rauni ne. Ta daji ba wanda ya taɓa rage mata komai. Tana nan da rassanta, da ƙananan kawunanta masu yawa, da tsabar da ke kakkaɓewa da kanta, da irin da ke iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru. A Amurka ma ra'ayi ya rabu a kanta: jihar Kansas ta ɗauke ta furen alfaharinta tun 1903, jihar Iowa kuwa ta taɓa sa ta cikin jerin miyagun ciyayi.

Batun inda take fitowa, a Turai ba ta da asali, a buhun iri ta shigo. A 1969 wani masani ɗan Faransa, Patrice Leclercq, ya samo sanfulawar da ba ta fitar da garin fure, bayan ya aura wata 'yar uwarta ta daji, Helianthus petiolaris, da ta gida. Daga nan aka samu hanyar yin iri mai aure da yawa: a shuka layukan uwa marasa garin fure, a sa layukan uba a tsakani, ƙudan zuma ya yi jigila. To uwar nan ba ta da zaɓi, duk garin da ya sauka a kanta shi za ta karɓa. In gonar irin tana yankin da ta daji ke girma a bakin hanya ko gefen magudanar ruwa, kamar yadda yake a sassan Amurka, sai wasu ƙwayoyi su fito ubansu na daji ne. Wurin da abin ya fi wuya shi ne ɓawon tsaba na uwa ne, saboda haka girmanta da launinta duk ɗaya da sauran. Ba rariya ko injin tantancewa da zai ware ta. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi kan waɗanda suka addabi kudancin Faransa da yankin Andalus na kudancin Sifaniya ya nuna ruwa-biyu ne irin wannan, ba ta gida ce ta lalace ta koma daji ba. A Faransa an fara kuka da ita sosai a tsakiyar shekarun 2000, musamman a yankin Lorage da ke kudu maso gabashin Tulus. Ajantina nata labarin ya ɗan bambanta, domin can ta daji da petiolaris sun daɗe da zama 'yan gida a tsakiyar ƙasar, suna barbara da gonakin da ke kusa da su.

Kafin a zo ga kokawar, dole ka iya rarrabe abu uku, don mutane da yawa suna cakuɗa su, alhali kama da wane ba ta wane.

Na farko gyauro ne, wato tsabar bara da ta zube lokacin girbi ta tsiro bana. 'Ya'yan iri mai aure ne, shi ya sa suke fitowa barkatai: wani da rassa, wani ba garin fure, wani gajere. Rassan nan sun gado su ne daga layin uba, wanda da gangan ake zaɓen mai rassa don ya daɗe yana ba da gari. Amma za ka ga akwai babban kai a sama da ya fi sauran, karan kore ne, tsabar manya, tsayinsa bai cika wuce na gona ba. Gyauro yana da damuwa amma ba ya daɗewa, cikin shekaru kaɗan yake ƙarewa in ba a bar shi ya zuba sabon iri ba.

Na biyu shi ne ruwa-biyun shekarar farko, wanda ya zo a buhu. Alamarsa ɗaya ce mai sauƙi: a kan layin shuka yake tsaye cif, da tazara daidai da ta maƙwabtansa, domin injin shuka ne ya ajiye shi. Ba su da yawa, 'yan tsiraru ne a hekta guda.

Na uku ita ce wadda ta riga ta kafa gida. Wannan a ko'ina take fitowa, kan layi da tsakanin layi, tsibi-tsibi, sau da yawa tana bin hanyar da injin girbi ya bi bara. Tsayinta ya kan wuce mita 2, wani lokaci har 3. Rassa tun daga gindi har sama, babu kan da ya fi wani girma, kawunan ƙanana masu yawa. Ka duba kara da sandar ganye da tsakiyar furen, sau da yawa za ka ga ja-ja mai duhu kamar shunayya, inda ta gida take kore da rawaya. Tsabar ƙanana ce, mai ɗigo-ɗigo ko toka-toka, in ka girgiza busasshen kai sai ta zubo a tafin hannunka. Matsalar ita ce duk waɗannan alamu sai ta girma suke bayyana. Tana ganye biyu ko huɗu, ko gwani sai ya durƙusa ya duba jan da ke gindin karan, shi ma ba kullum yake nunawa ba.

To yanzu kokawar kanta. Gonar sanfulawa ta kirki tana ɗauke da tushe 50,000 zuwa 65,000 a hekta, wato biyar zuwa shida da rabi a kowace murabba'in mita. An yi wannan lissafi ne don ganye ya rufe ƙasa daidai lokacin da ya kamata ba tare da shukar ta takura wa juna ba. Duk tushen daji da ya ƙaru, kamar ka ƙara yawan shuka ne fiye da ƙima, sai dai wanda aka ƙara ɗin ci kawai yake yi, ba ya kawo komai rumbu.

A makonni huɗu zuwa shida na farko ba a cika ganin bambanci ba. Hasali ma ta gida ta kan fi saurin tashi, saboda tsabarta babba ce, guzurinta ya fi yawa. Wannan ne ke yaudarar manomi, ya zagaya gona ya ga komai lafiya. Juyin yana zuwa ne lokacin da ta gida ta fitar da ƙullin fure. Daga nan tsawonta ya kusa ƙarewa, adadin ganyenta ya riga ya tsaya, duk ƙarfinta ya koma kan kai ɗaya. Ta daji kuwa a lokacin take fara nata aikin. Ta ci gaba da miƙewa, ta zarce rufin gonar, sannan ta baza rassa a sama, kowane reshe da ganyensa. Sanfulawa shuka ce mai tsananin son rana, kuma ganyen sama da na tsakiya su ne ke cika tsaba. In inuwa ta rufe su, sai ganyen ƙasa su yi rawaya su bushe da wuri, karan ya sirance yana neman haske, iska kaɗan ta kwantar da shi.

Lokacin da wannan inuwa ke sauka shi ya fi komai muni. Yawan tsabar da kai zai ɗauka yana yankewa ne daga wajen kwana 30 kafin fure zuwa wajen kwana 20 bayansa. Duk ƙuncin da shukar ta shiga a wannan tsakani ba ya gyaruwa daga baya, ko da an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ka tsinko kai daga tsakiyar tsibin ciyawar ka gwada da na wuri mai tsabta. Za ka ga faɗinsa ya ragu, sannan tsakiyarsa fanko ne. Dalili kuwa furannin kan suna buɗewa ne daga gefe zuwa ciki, na tsakiya su ne 'yan auta, in abinci ya yi ƙaranci su ake fara yadawa. Waɗanda suka cika ma za ka ji ba nauyi, ɓawo ya fi ƙwaya, mai kuma ya ragu domin shi ne ake tarawa a ƙarshe.

A ƙarƙashin ƙasa ma haka abin yake. Dalilin da ya sa ake shuka sanfulawa a busassun wurare irin Andalus ba tare da ban-ruwa ba shi ne saiwarta na iya nutsawa mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ta sha ruwan da alkama da masara ba su kai gare shi ba. Ciyayi da yawa a sama-sama suke sha, su bar mata na ƙasa. Ta daji kuwa tare suke sauka. Ga ganyenta da yawa, ga daɗewa tana kore, don haka ruwan ajiyar da ya kamata ya kai shukar ƙarshen cikar tsaba sai ya ƙare tun ana tsakiyar fure. Shi ya sa ɓarnarta ta fi tsanani a shekarar fari da kuma ƙasa marar zurfi. Taki kuma, sanfulawa tana jan wajen kilo 4.5 na naitirojin kan kowane kilo 100 na tsabar da za ta bayar. Wanda ya ga gonarsa ta yi rawaya a wurin ciyawar ya ƙara taki, ita ya yi wa hidima, domin ita ke da inda za ta kai shi, wato sababbin rassa. Ta gida kanta ɗaya ne, ba za ta ƙirƙiro na biyu ba.

Akwai wani fifiko da ba a cika ambata ba. Kan sanfulawar gida yana gama fure cikin mako guda zuwa kwana goma, in zafi mai tsanani ko ƙanƙara ta faɗo a wannan makon, shekarar ta tafi. Ta daji kuwa tana fure makonni a jere, kai bayan kai, har sanyi ya kashe ta. Ko ka sare ta a tsakiya, sai ta yi toho daga hammatar ganye ta fitar da wasu kawunan a ƙasa-ƙasa inda ba ka gani.

Rabin amfanin da aka gaya muku ba ƙari ba ne, amma a fahimce shi daidai. A Faransa an auna asarar da ta kai kashi 50 cikin ɗari a wuraren da ciyawar ta yi cunkoso, ba a gona gaba ɗaya ba. A Ajantina gwaji ya nuna asarar tana haura rabi idan ciyawar ta wuce tushe huɗu a murabba'in mita, wato tun ba ta kai yawan shukar kanta ba. A kan gajeriyar shuka kuwa abin ya fi haka: a gwajin waken soya a Kansas, tushe huɗu zuwa biyar a murabba'in mita sun cinye fiye da kashi 90 na amfanin.

Abin da ya tsira ma ba ya tsira da darajarsa. Ranar girbi ta gida ta bushe ƙayau, ta daji kuwa tana nan da ɗanyen kara da ɗanyun kawuna. Su ne ke naɗe bakin injin, su toshe rariyarsa, gutsattsarinsu su shiga cikin tsaba su ɗaga danshi. Ma'aunin ciniki a Faransa danshi kashi 9 ne, datti kashi 2, mai kashi 44, duk abin da ya kauce a rage kuɗi. Tsaba mai danshi kuma in an tara ta sai ta yi zafi, man ya yi tsami. Wanda ya yi yarjejeniyar kawo nau'in mai na musamman mai yawan sinadarin oleyik, wanda ake biya da tsada, shi ya fi shiga uku, don tsabar daji ba ta da wannan siffa, tana iya sauko da ma'aunin lodinsa ƙasa da abin da aka yi alkawari.

Duk wannan na shekara guda ne. Abin da ke mayar da ita ciwon gona shi ne irin da take binnewa. Mu yi lissafi na misali kawai. A ce tushe biyar ne suka zo a buhu, kowane ya yi kai 30, kowane kai da tsaba 100. Tsaba 15,000 ke nan, kuma yawancinsu sun riga sun zube kafin injin ya shigo. Tsuntsaye da ɓeraye su ci nasu, wasu su ruɓe. Ko ɗaya cikin ashirin ne ya rage, tushe 750 ne ke jiran ka. Ba kuma lokaci guda za su fito ba. Irin yana da nauyin barci, ɓawonsa da fatar cikinsa suna hana shi tsirowa sai sanyin hunturu ya ratsa shi, wani bana, wani baɗi, wani sai bayan shekaru. Masu ba manoma shawara a Faransa suna lissafa shekaru goma ko fiye. A cikin damina ɗaya ma rukuni-rukuni yake fitowa, ka yi noma yau, bayan mako biyu wasu sun tsiro.

Duk wanda ya taso a ƙasar gero ya san irin wannan a jikin shibra: tana tashi tare da gero ba mai iya raba su a noman farko, sai ta fitar da kai a gane ta, kafin a zo girbi ta kakkaɓe 'ya'yanta, kuma tana barbara da geron da ke gefenta. Halin ɗaya ne, shukar ce kawai ta bambanta.

Saura maganar magani. Duk maganin ciyawar da aka amince a fesa a gonar sanfulawa an zaɓe shi ne don ba ya kashe Helianthus annuus. To ita ma sunanta ke nan. Wanda ake fesawa kafin tsiro da wanda ake fesawa bayan tsiro, duka wucewa take yi ta cikinsu lafiya lau, har ma su share mata sauran ciyayin da za su takura mata.

Mafitar da aka samu, abin mamaki, daga ita ta dajin ta fito. A 1996, kusa da garin Rossville a Kansas, aka tarar da sanfulawar daji da ta ƙi mutuwa a gonar waken soya da aka shekara bakwai a jere ana fesa wa imazethapyr. Wannan magani yana toshe wani sinadari ne a jikin tsiro, wanda ake taƙaita sunansa da ALS, wanda in babu shi tsiron ba ya iya haɗa wasu tubalan furotin. A jikin waccan ciyawa sinadarin ya ɗan sauya siffa, maganin ya kasa kama shi. Masu kiwon iri suka ɗauko wannan hali suka sa a ta gida, aka fitar da nau'in Clearfield a 2003, wanda ake fesa wa imazamox. Daga baya aka samu ExpressSun mai jure tribenuron, da Clearfield Plus. Ba a dasa musu ƙwayar gadon wata halitta daban ba, ta hanyar aure da zaɓe da sauya iri aka same su. Da irin waɗannan, a karo na farko, manomi ya iya fesa gona ta gida ta rayu ta daji ta mutu.

Sai dai a ganina wannan aron lokaci ne kawai, kuma dalilin a fili yake. Ta daji ba ta karɓar garin furen kanta, dole sai na wani tushe. In ka fesa ka kashe 95 cikin 100, biyar ɗin da suka rage suna tsaye ne a tsakiyar dubban kawunan da ke zubar da gari mai ɗauke da juriyar maganin. Wa kake tsammani zai zama uban 'ya'yansu? An auna barbara tsakanin gona da ta daji har a nisan kilomita guda, a kusa kuwa kaso mai yawa ne. Halin da aka aro daga daji sai ya koma daji, kuma an riga an samu masu jure maganin a gonakin Faransa. Tunda imazamox da tribenuron ƙofa ɗaya suke toshewa, sauya wannan da wancan ba ya cika fitar da kai.

Saboda haka wanda zai yi amfani da wannan hanya, sharuɗɗanta ba sa karɓar ragi. A fesa cikakken awo kamar yadda takardar maganin ta ce. A Faransa awon imazamox mai ƙarfin giram 40 a lita shi ne lita 1.25 a hekta. A fesa shukar tana ganye huɗu, wajen wata guda bayan shuka, ciyawar ba ta wuce ganye biyu zuwa huɗu ba. In ta kai ganye shida ko takwas, maganin ƙone mata kai kawai zai yi, ta yi toho ta gefe ta fi da rassa. Kada a bar gefen gona ko kusurwa ko gindin turken lantarki ba feshi. Kada a kuskura a fesa wa irin da ba mai juriya ba, gonar gaba ɗaya za ta tafi, kuma kowane iri da maganinsa. Bayan mako uku a koma a tuge duk wadda ta tsira kafin ta yi fure. Wannan na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne ke tsare maganin.

Hanya mafi araha dai ita ce ta shekarar farko. Daga fitowar ƙullin fure zuwa farkon fure, a bi gona layi-layi, a tsaya a ɗaga kai a duba duk abin da ya zarce sauran tsayi ko ya yi rassa. A tuge shi da saiwarsa, kada a sare. In kawunan farko sun riga sun yi fure, kada a yar a nan, domin tsabar tana iya ƙarasa nuna a jikin tugaggen kara. A yanke kawunan a zuba a buhu, a fitar da su a ƙone. Zagaye ɗaya ba ya isa, a koma bayan kwana goma zuwa mako biyu. Aikin 'yan sa'o'i ne a hekta in tushen kaɗan ne. In an bari shekara biyu ko uku, ya fi ƙarfin hannu.

In kuwa ta riga ta kafu, sai haƙuri da tsari. A girbe gonar da ta kamu a ƙarshe, a share injin tas kafin ya fita, don shi ne babban mai kai ta gonar maƙwabci, musamman injin haya. Bayan girbi kada a sa garma mai zurfi. Nan mutane da yawa ke kuskure, suna ganin in sun binne irin sun rabu da shi, alhali ajiya suka yi masa, duk shekarar da garma ta juyo da shi sama zai tashi. A bar shi a fili tsuntsaye da ɓeraye da ruwa su rage shi, sannan a bi da haro sama-sama, santimita biyar ko ƙasa da haka, don a ruɗe shi ya tsiro a kashe. Kafin shuka ta gaba ma haka: a gyara ƙasa kamar za a shuka, a jira mako biyu zuwa uku rukunin farko ya fito, a kashe shi, sannan a shuka ba tare da an sake motsa ƙasa da zurfi ba. Jinkirin yana ɗan rage amfani, amma ya fi asarar rabi. Noman tsakanin layi da inji yana taimakawa, sai dai ba ya taɓa wadda ke kan layi.

Sannan a nisanta sanfulawa da wannan gona, shekara huɗu ko biyar aƙalla. A sa alkama ko sha'ir na hunturu, waɗanda ke rufe ƙasa kafin lokacin tsirowarta, a kuma kula da gonar bayan an girbe su, don a nan take samun fili ta yi fure a gajeren kara ba wanda ya lura. A masara da dawa akwai magungunan da ke kama ta ta wata ƙofa daban, irin su dicamba da 2,4-D da mesotrione. A guji dogaro da magungunan da ke toshe ALS kaɗai a waɗannan shekaru, in ba haka ba kana ci gaba da zaɓen masu juriya ne da hannunka. Waken soya ba wurin gudu ba ne, ka ga abin da take yi masa. Akwai kuma dalili na biyu na tsananta mata a shekarun hutu: tana riƙe cututtukan sanfulawa da rai. Farar fumfuna ta ƙarƙashin ganye, tsatsa, ruɓar kara da kai, har da Orobanche cumana, wata 'yar uwar ƙuduji da ke maƙale wa saiwa, duk suna samun masauki a jikinta, sai amfanin sauya shukar ya tashi a banza.

Tunda kai a nan za ka yi aiki, ga abin da ya shafe ka. Afirka ba ta da sanfulawar daji ta asali, don haka a ƙasashen da ke nomanta, irin su Tanzaniya da Sudan da Afirka ta Kudu, da masu gwada ta a Najeriya, ƙofar da za a tsare ita ce buhun iri da aka shigo da shi. A sayi mai takardar shaida, a ajiye lambar buhun, a kuma zagaya gonar a farkon fure ko da komai ya yi kyau. In an ga mai rassa da jan kara a kan layi, a tuge, a sanar da mai sayar da irin da malamin gona tare da lambar. Wanda ya ajiye tsabar iri mai aure ya sake shukawa zai ga masu rassa da yawa, wannan rarrabuwar gado ce irin ta gyauro, amfani zai ragu amma ba ta daji ba ce. Haka kuma dogon furen nan mai ruwan ƙwai da ya cika bakin hanyoyi a kudanci da tsakiyar Najeriya, wanda ake ce wa sanfulawar Meziko, Tithonia diversifolia ne. Dangi ne na nesa, yana iya shanye gefen gona da inuwa in an bar shi, amma ba ya barbara da sanfulawa a gona, kuma adda da tuge saiwa sun ishe shi.